Baba ya kwanta, 'ya'ya sun watsu neman abinci: ku da kuka taɓa, yaya kuka yi?

Mai tambaya, daga Mabera: Assalamu alaikum jama'a. Mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki bayan hawan jini ya daɗe yana cin shi. An sallame shi daga asibiti, amma ba ya iya tashi sai an ɗaga shi. Cikin 'ya'yansa maza ni kaɗai na rage a Sakkwato, kuma aiki nake fita tun safe. Yayanmu da ke Abuja ya ce a kai shi wani gidan kula da tsofaffi mai zaman kansa a can, shi zai biya. Inna ta ce sai dai bayan ranta. Wanda ya taɓa shiga irin wannan hali ya ba mu labari.

Wani dattijo, Kanwuri: Ɗana, Innarku ta yi gaskiya. Mu abin da munka taras, tsoho cikin ɗiyanshi yake ƙarewa. Gidan gajiyayyu na wanda bai da kowa ne. Allah ya hana a ce wa iyaye ko "uf", balle a ɗauke su a miƙa wa baƙi.

Wata uwa, Runjin Sambo: Baba, a gafarce ni, amma maza ke faɗin haka, mata ke wankin zannuwa. Na yi jinyar surukata da gigin tsufa ya kama. Tsakar dare za ta buɗe ƙyaure ta ce za ta Illela wurin uwarta, wadda ta rasu tun ban zo duniya ba. Abinci kuwa tana gama ci ta ce ba a ba ta ba, maƙwabta su riƙa yi mini wani kallo. Ban yi da-na-sani ba, lada nake nema. Sai dai duk wanda ya ce a bar tsoho a gida, ya faɗi sunan wanda zai kwana da shi.

Ɗan Gidan Igwai: Mun kai kawunmu irin gidan nan a Abuja. Tsabta akwai, magani a kan lokaci, ba ni da ƙorafi. Abin da ya karya shi daban ne. Mutum ne da sahun farko na masallacin unguwa ya san shi, bayan la'asar a shimfiɗa tabarma a zaure, a kunna rediyo, a yi ta gardama da tsaransa. A can ba mai ce masa "Alhaji an tashi lafiya", ba ya jin kiran salla sai a waya, kuma abincin ba nasa ba ne. Ya daina tambayar fura ma. Da muka mayar da shi gida, ranar Juma'a aka tura shi a keken guragu zuwa Masallacin Shehu, ya dawo ya cinye tuwonsa tas.

Ma'aikaciyar jinya, Arkilla: Ko ina ya zauna, ga abin da na fi gani yana kayar da masu shanyewar jiki: gyambon kwanciya. A riƙa juya shi duk bayan awa biyu, a duba ƙugu da diddige da ƙasan baya. In fata ta yi ja ba ta washe ba, matsala ta fara. Zafin Afrilu a garin nan yana haura maki 40, tsoho kuma ba ya jin ƙishi kamar yaro, don haka kada a jira sai ya roƙi ruwa. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an samu na gargajiya. A ci gaba da kai shi gashin ƙashi, akwai sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

Wani malamin islamiyya, Gawon Nama: Kada a bari ya ji sallarsa ta kuɓuce masa, wannan ya fi ciwon damunsu. Hadisin Imrana bin Husaini ya bayyana: a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Alwala ta gagara, ya yi taimama. Azumi kuma, tsohon da ba zai iya ba sai a ciyar a madadinsa.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na karanta wa Yaya duka a waya. Kuɗin da zai biya a can za mu ɗauki mai jinya namiji ya riƙa wuni da Baba, ni in karɓi dare, ƙannenmu mata su raba Asabar da Lahadi. Yanzu abin da nake nema: nawa ake biyan irin wannan mai jinya a wata a nan cikin gari, kuma ta ina ake samun amintacce?