Taƙaitawa: yadda ake barin Rohypnol

Ga abin da na tsinta a muhawarar da aka yi kan yadda mai shan Rohypnol, wato ƙwayar sa barci, zai daina:

1. An yi ittifaƙi: wanda ya daɗe yana sha kullum kada ya daina lokaci guda. Ƙwaƙwalwa ta saba, cirewar farat ɗaya na iya jawo jijjiga irin ta farfaɗiya.
2. Likita kan mayar da shi kan diazepam, wani magani ɗan uwan Rohypnol, yana rage kusan kashi 10 cikin 100 duk mako biyu. Abin kan ɗauki watanni.
3. Rashin barci, makyarkyata da fargaba sukan biyo baya. Gane-gane ko ruɗewa kuwa, sai asibiti nan take, na ƙwaƙwalwa da ke Dawanau ko na Malam Aminu Kano.
4. Haɗa Rohypnol da kodin na danne numfashi.

An rabu kan kwantarwa a asibiti: wasu suka ce dole, wasu suka ce gida ya wadatar in dangi na riƙe maganin. Gidan mari dai, da yawa sun ƙi.