Sansanin wasanni na dogon hutu: me zan duba kafin in kai yaro?

Maman yara: Assalamu alaikum. Ina so in sa yaro ɗan shekara 9 a sansanin ƙwallon ƙafa na mako biyu, na jeka-ka-dawo, daga safe zuwa la'asar. Lokacin zafi ne, kuma bai saba motsa jiki sosai ba. Me zan tambayi masu sansanin, me kuma zan haɗa masa?

Mai horar da yara: Wa'alaikumussalam Hajiya. Abin da za ki fi sa wa ido shi ne kwana uku zuwa biyar na farko, don a nan zafi ya fi kayar da yara. Jiki kan ɗauki kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, wato kusan tsawon sansanin gaba ɗaya. Saboda haka tun mako biyu kafin a fara, ya riƙa fita wasa da safe ko da yamma, minti 20 zuwa 30, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan.

Ki nemi ganin jadawalinsu a rubuce. Guje-guje masu nauyi da safe ya kamata a yi su, tsakar rana kuma a koma inuwa. A riƙa tsayawa shan ruwa duk bayan minti 20, yaro mai shekarunsa ya sha mililita 100 zuwa 250, ba sai an jira ya ce yana jin ƙishi ba. Yaron da wasa ya yi wa daɗi ba zai faɗa ba. Sannan ki tambayi yara nawa ne a hannun babba ɗaya; a wannan shekarun kada su wuce goma. Idan suka fara kame-kame a wannan tambayar, ki nemi wani wurin.

Ma'aikaciyar jinya: Ƙari a kan bayanin Malam: ki tabbatar akwai wanda ya iya taimakon gaggawa a filin kullum. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya ko ɗaurewar jijiya alamun zafi ne, a kai shi inuwa, a sassauta kaya, a ba shi ruwa. Amma idan ya fara ruɗewa ko sambatu, wannan babbar magana ce: a jiƙa shi da ruwan sanyi nan take, ana kiran asibiti ana sanyaya shi. Wanda ya bugu a kai kuma ba ya komawa fili a ranar, ko ya rantse ya warke. In yana da asma ko sikila, ki ga likita tukuna, ki kuma sanar da su a rubuce, abin shaƙarsa ya kasance a bakin fili. Da yamma ki duba fitsarinsa: idan ya yi duhu, ruwan da ya sha bai isa ba.

Maman yara: Na gode ƙwarai. Takalmi fa, in saya sabo?

Mai horar da yara: In za ki saya, ya sa shi na 'yan kwanaki a gida, in ba haka ba ƙafa za ta yi bororo tun ranar farko. Ki bar sararin faɗin babban yatsa a gaba. Ki haɗa da kariyar ƙwauri, safa biyu, hula, riga mai haske mara nauyi da gorar ruwa mai sunansa. Girman ƙwallon da ta dace da shekarunsa lamba 4 ne. Idan ya fara ɗingishi yana kukan dunduniya, kada a ce raki ne. Ƙashin wurin bai gama ƙwari ba, hutu yake bukata.