Gobara ta ci shaguna huɗu a layinmu, kansila ya ce ba huruminsa ba ne. To hurumin wa ne?

Tela Bayan Gari:

Assalamu alaikum jama'a. Ni tela ne, shekarata tara da shago a ɗaya daga cikin sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen birnin Katsina. A idon kowa mu 'yan birni ne, a babbar kasuwa nake sayo zare da shafi, a cikin gari yarana ke makaranta. Amma a takarda muna ƙarƙashin ƙaramar hukumar da ke maƙwabtaka da birnin, kuma zuwa sakatariyarta ya fi mana nisa a kan zuwa Ƙofar Soro da ke tsakiyar birnin.

Daren Larabar makon jiya, wajen ƙarfe ɗaya, aka kawo wuta da ƙarfi, shagon maƙwabcina mai katifa ya kama. Kun san katifa da wuta, ga iskar hunturu na kaɗawa. Muka kira 'yan kwana-kwana, kuma tsakani da Allah sun zo. Sai dai motar ta tsaya a bakin titi ta kasa shigowa layin, saboda rumfunan da aka tsawaita gaban shaguna da kwalbatin da ya rufta tun damina. Suka ja tiyo iyakar tsawonsa, da ƙyar ya kai shago na biyu. Ba a jima ba ruwan ya ƙare, suka tafi ɗebowa. 'Yan ga-ruwa ne suka riƙa turo kura cike da jarkoki, Allah Ya saka masu, ko sisi ba su karɓa ba. Shaguna huɗu suka ƙone ƙurmus. Nawa bai ƙone ba, amma cikin rububin fitar da kaya aka ɗauke mani kan keke biyu da shaddar mutane ta biki da aka kawo ɗinki. Yanzu bashi ne a wuyana.

Na kai rahoto caji ofis, an rubuta, an ce in dawo. Na koma sau uku. Daga nan na tafi wurin kansilanmu, mutumin da na yi layi cikin rana na zaɓa. Ya jajanta mani sosai, sannan ya ce 'yan sanda na tarayya ne, kwana-kwana na jiha ne, shi ba ya da ta cewa. To amma duk shekara ma'aikatan ƙaramar hukuma na zuwa karɓar kuɗin shago, rasit ɗinsu na nan cikin durowata. Tambayata ga masana: gaskiya ya faɗa mani, ko kuwa sallamata ya yi? In gaskiya ce, wa talaka zai riƙe?

Tsohon Akawu:

Wa alaikumus salam. Allah Ya mayar maka da alheri, Ya tsare gaba. Na yi shekaru masu yawa ina aikin ƙaramar hukuma kafin in aje, bari in faɗa maka yadda abin yake.

Kansilanka ya faɗi rabin gaskiya. Sashe na 214 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce a Najeriya, kuma ba a yarda a kafa wata ba. Duk maganar 'yan sandan jihohi da kake ji, gyaran wannan sashen ake nufi. DPO ɗinku, wato shugaban caji ofis ɗinku, yana amsa wa kwamandan shiyya, shi kuma kwamishina, kwamishina kuma Sufeto Janar a Abuja. Kai ko gwamna, sashe na 215 ya ba shi damar bai wa kwamishina umarni, amma kwamishinan na iya cewa a bari sai an ji ta bakin shugaban ƙasa ko minista. Ɗauka da ƙarin girma da ladabtarwa kuma aikin hukumar kula da ayyukan 'yan sanda ne ta tarayya. To ka ga ciyaman ba ya iya korar ko kurtu guda. Kwana-kwana ma haka, akwai ta tarayya a ƙarƙashin ma'aikatar cikin gida, akwai ta jiha, babu ta ƙaramar hukuma.

Sauran rabin da bai faɗa maka ba shi ne ya fi shafarka. Ka nemi jadawali na huɗu na kundin nan, can aka jera ayyukan ƙaramar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, gyara da kula da ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, raɗa wa tituna suna, sa wa gidaje lamba, kwashe shara, da sa ido a kan shaguna da kes-kes. Yanzu koma ka karanta labarinka. Me ya tsayar da motar? Rumfa da kwalbati. Duka biyun suna cikin jerin nan. Kuɗin shagon da ake karɓa hannunka ba sadaka ba ce, wanda ke da ikon karɓa shi ke da alhakin duba yadda shagon ya zauna. Na san za a ce maka tsara unguwa na hukumar tsara birane ce ta jiha, kuma irin unguwanninku na gefen gari kullum a tsakani suke faɗawa, kowa na turawa ga ɗan'uwansa. Duk da haka kwalbatin layi ba ya buƙatar sa hannun kowa daga Abuja.

Sannan ciyaman na zaman tsaro da DPO da hakimi da sauran jami'ai. Na sha rubuta bayanin irin wannan zama. Ba umarni yake bayarwa ba, amma wanda ke taimakawa da man sintiri da gyaran mota, in ya ce ina aka kwana kan satar da aka yi daren gobara, ana amsa mashi. Kansila na iya sa a saka maganarku cikin ajanda. Kuma tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuna da hujjar tambayar me ya shigo, me aka yi da shi.

Kan kekunanka: ka rubuta takarda zuwa ga DPO da kansa, da lambar jikin kowane keke in kana da ita, ka riƙe kwafi. In shiru, ka kai ofishin kwamandan shiyya. Ka kuma nemi shugaban kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a na yankinku, wato PCRC. Baki na mantuwa, takarda ba ta yi.

Baba na Ƙofar Sauri:

Yaro, Allah Ya ba ka haƙuri. Jikana ke rubuta mani wannan. Ni na ga lokacin da hukumar gari ke da 'yan sandanta. 'Yan doka ake ce masu, na En'e, ban da dogarai. Marigayi Sarki Usman Nagogo ma ya riƙe shugabancin 'yan dokan Katsina kafin ya hau gadon sarauta a 1944. Ɗan doka ɗan gari ne, ya san gidan kowa, in aka yi sata kafin azahar ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Wannan gaskiya ne, kuma shi mutane ke tunawa.

Amma ka tambayi gidajen da suka yi jam'iyyar adawa ta NEPU abin da suka gani. Wanda ke biyan ɗan doka shi ke nuna mashi wanda zai kama. Da siyasa ta zo, mutum sai ya kwana a ɗaure don ya halarci taro. Shi ya sa a zamanin Gowon, ƙarshen shekarun 1960, aka narkar da su cikin 'yan sandan Najeriya. Ni ba na son a mayar wa ciyaman da ankwa. Ina son dai ya gyara maku kwalbati.

Ɗan Kwana-kwana Mai Ritaya:

Malam tela, na gode da ka ce sun zo, don yawanci zagi kawai muke sha, wani wurin har da jifa. Bari in ƙara abin da mutane ba su sani ba. Tankin mota 'yan dubban litoci kawai yake ɗauka, in aka buɗe famfo da ƙarfi cikin 'yan mintoci ya ƙare. A garuruwan da aka tsara, ana dasa bakin famfo na musamman a gefen titi, mota ta jona ta yi ta aiki. A sababbin unguwanninmu ko ruwan famfon da ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa bai kai wasu ba, balle wannan. Dole mota ta juya ta ɗebo, kuma wuta ba ta jira.

Abu na biyu, kwatance. Mutum zai kira cikin ruɗewa ya ce bayan gidan Alhaji wane, kusa da mai shayi. Direba da dare ina zai san wannan? Layi mai suna da gida mai lamba na rage mintocin da ake asara, kuma kamar yadda Akawu ya ce, aikin ƙaramar hukuma ne. Na uku, ana kiranmu a makare, sai an gwada bokiti an kasa. Ku kira 112 tun wuta na ƙarama, ku kuma ajiye lambar tashar da ta fi kusa da ku, ku tura yaro bakin titi ya tarbi mota.

Duk wanda ya ga gobarar babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ya san abin da cunkoso ke yi. In ƙaramar hukumarku na son taimako na gaske, ta haƙa rijiyar burtsatse da babban tanki a tsakiyar unguwa inda mota za ta iya tsayawa ta sha. Ku kuma 'yan layi ku haɗa kuɗi ku sayi tukunyar kashe wuta ko guda uku, da bokitan yashi. Wutar lantarki ba a zuba mata ruwa sai an cire layi, don Allah ku gaya wa yaran shago.

Bakatsine a Amurka:

Ni ina zaune a wani ƙaramin gari a gefen babban birni a nan Amurka, kuma abin da kake nema shi ake yi a nan. Majalisar gari ke amincewa da kasafin kuɗin 'yan sanda da na kwana-kwana, magajin gari ko manajan gari ke naɗa shugabanninsu, kuɗin kuma mafi yawa daga harajin gidaje yake fitowa. Zaman majalisa a buɗe yake, kowa na iya tashi a ba shi 'yan mintoci ya yi magana, shugaban 'yan sanda na zaune yana ji. Shi ya sa ƙasar ke da hukumomin 'yan sanda wajen 18,000. Mafi yawan 'yan kwana-kwanansu ma 'yan sa-kai ne.

Sai dai maganar Baba na nan. Garin Ferguson da ke gefen St. Louis a jihar Missouri, bayan ɗan sanda ya kashe wani matashi baƙar fata, Michael Brown, a 2014, ma'aikatar shari'a ta tarayya ta yi bincike ta fitar da rahoto a 2015 cewa hukumar garin ta mayar da 'yan sandanta masu tara mata kuɗin shiga ta hanyar cin tara, kuma baƙar fata suka fi shan wahala. Garin da ke da masu kuɗi na da motoci sababbi, na talakawa na fama. Abin da na fi so mu ɗauka shi ne buɗaɗɗen zaman nan. Wa ya taɓa halartar zaman kansilolin ƙaramar hukumarsa a cikinmu?

Maman Ummi:

Ni tawa tambayar daban ce. Duk wata gidanmu na ba da kuɗin 'yan sintiri, ni bazawara ce, da kuɗin ƙosai nake biya. Su wa ke duba su? Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a watan Oktoban 2023, su an yi masu horo, suna da shugabanni, an san inda za a kai ƙara. Amma na unguwa masu gora da tocila, in sun daki ɗan mutum bisa kuskure, wurin wa za a je? Malam tela, daren gobarar ina naku suke har aka fita da kan keke biyu? In za ku rubuta takarda ku sa wannan a ciki, a san sunayensu a wurin mai unguwa da DPO.

Tela Bayan Gari:

Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Maman Ummi, 'yan sintirinmu na wurin, amma duk sun koma ɗaukar ruwa, ba wanda ya tsaya kan kaya. Za mu sa maganarki.

Jiya bayan la'asar muka zagaya layin da mai unguwa, muka auna da igiyar awona. A bakin layi faɗin ya ishi mota, amma a tsakiya rumfuna bakwai sun cinye kusan rabi. Ɗaya daga cikinsu tawa ce. Shekara uku da suka wuce na ƙara ta don yara masu koyon ɗinki su samu inuwa, ban taɓa kawo motar kwana-kwana a raina ba. Tun da na auna nake tunanin mai katifa da 'ya'yansa shida. Na kira mai walda, ranar Asabar zai cire ta, mutum uku ma sun ce za su cire nasu, sauran ukun mai unguwa zai zauna da su.

Takardar DPO na kai da safe, an buga mani hatimi a kwafina. Ta ciyaman muna rubutawa, mutum goma sha tara sun sa hannu: kwalbati, sunan layi da lambobin gidaje, burtsatse da tanki, sai rajistar 'yan sintiri. Baba Akawu, ta hannun kansila ya kamata mu miƙa ta, ko mu bi ta wurin hakimi, ko mu kai sakatariya da kanmu?