Kusurwar saiti da kusurwar tashi: sunaye biyu nake ba da shawara

Malamai da ɗaliban fizikis, ina neman ku taya ni tsayar da kalma. Turawa suna da sunan da suke kiran kusurwar da ake cilla abu da ita, mu kuma kowa da abin da yake cewa a aji: wani kusurwar jifa, wani kusurwar harbi, wani ya bar ta da Turancinta. Ni a ganina suna ɗaya ba zai ishe mu ba, kuma lissafin jifa daga mota mai gudu ne ya nuna haka.

Wanda ya tsaya wuri ɗaya ya cilla dutse, idan aka ajiye turjiyar iska gefe, kuma dutsen ya sauka a ƙasa mai daidai da inda ya tashi, digiri 45 ne ke ba shi nisa mafi yawa. Tartaglia ya faɗi haka a Italiya tun 1537, Galileo ya kafa hujjarsa da lissafi a 1638. Shi ke nan ɗalibanmu suka haddace 45, duk tambayar da ta zo sai su rubuta ta.

To ga mutum a bayan a-kori-kura tana gudun mita 20 a daƙiƙa, wato kilomita 72 a awa. Ƙarfin hannunsa ma na cilla dutse da gudun mita 20 ne a daƙiƙa, kuma gaba yake jifa. Mu ɗauka cewa jan da ƙasa ke yi wa abu zuwa ƙasa yana canza gudunsa da mita 10 a daƙiƙa a cikin kowace daƙiƙa, don sauƙi. Idan ya ɗaga hannu digiri 45, dutsen zai yi daƙiƙa 2.83 a sama, ya sauka kusan mita 97 daga inda ya bar hannu. Idan ya ɗaga zuwa digiri 60, zai yi daƙiƙa 3.46, ya ci kusan mita 104. Dalili kuwa, motar ta riga ta ba dutsen gudun gaba kyauta. Abin da ya rage wa mai jifa shi ne ya sa ƙarfinsa wajen tura shi sama don ya daɗe bai sauko ba. Idan gudun motar ya ninka ƙarfin hannun sau biyu, kusurwar ta haura 68, haka za ta yi ta matsawa wajen 90.

A nan ne maganar kalma ta taso. Wanda ke tsaye a bakin titi bai ga digiri 60 ba ko kusa. Shi dutse ya gani yana gudun gaba mita 30 a daƙiƙa, yana hawa da 17.3, wato ya tashi da digiri 30. Jifa ɗaya, na cikin mota ya ce 60, na ƙasa ya ce 30, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Idan malami ya ce "kusurwar jifa" kawai, ta wa yake nufi?

Shi ya sa nake cewa ta mai jifa mu kira ta kusurwar saiti. Saiti kalma ce da ta zauna a bakin maharba da 'yan ƙwallo, kuma tana nuna abin da mutum ya tsara da hannunsa, abin da yake da ikon canzawa. Wadda na bakin titi yake gani kuma mu kira ta kusurwar tashi, domin ita ce ainihin yadda abin ya rabu da ƙasa. Idan mai jifa a ƙasa yake tsaye wuri ɗaya, biyun sun zama ɗaya, babu rikici.

Harbi ban goyi bayansa ba. Da ka ce harbi, hankalin yaro ya tafi bindiga da kibiya, alhali ƙwallo da ruwan mesa duk doka ɗaya suke bi. Jifa kuma ta maƙale wa hannu. Cilli ya fi su faɗi, don haka shi abin da kansa a ce masa abin cilli, ba sai mun ƙirƙiro sabon suna ba.

Nisan da yake ci kuwa, 'yan jarida sun gama mana aiki tuni da "cin zango", kamar yadda suke cewa makami mai cin dogon zango. A bar shi haka.

Ga gwaji, ku karanta wa ɗalibanku ku ga ko za su nemi ƙarin bayani: "Mota tana gudun mita 15 a daƙiƙa. Yaro a cikinta ya cilla ƙwallo gaba da gudun mita 15 a daƙiƙa. Wace kusurwar saiti ce za ta ba shi cin zango mafi tsawo, kuma mece ce kusurwar tashin ƙwallon?" Amsa 60 da 30. Malamanmu na Maradi da Damagaram, ku da kuke koyar da darasin nan da Faransanci, ku faɗa mana kalmar da yaranku suke amfani da ita a madadin saiti.