Shin ginin jeri na Python yana iya tsayawa a tsakiyar hanya, ko tacewa kaɗai yake yi?

Tambaya, daga Argungu

Assalamu alaikum. Ni ne nake riƙe da lissafin wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke sayen shanshera daga hannun 'ya'yanta a lokacin girbin rani, kuma duk buhun da aka ɗora a kan sikeli ana rubuta ranar da ya shigo, da nauyinsa, da yawan danshin da na'ura ta nuna. Bayanan suna cikin fayil ɗaya na CSV, an jera su bisa kwanan wata tun daga farkon girbi, kuma da Python nake fitar da rahoton da ake biyan manoma da shi.

Ƙungiyar ba ta karɓar buhun da danshinsa ya haura kashi 14 cikin ɗari sai an koma an sake shanya shi, saboda haka nakan ware masu kyau da ginin jeri (wato list comprehension) na layi ɗaya kamar haka:

`masu_kyau = [b for b in buhuna if b.danshi <= 14]`

Wannan yana aiki yadda ake so. Matsalar ita ce idan ana buƙatar buhunan da suka shigo zuwa wata rana kawai, sai na ƙara `and b.rana <= iyaka`, kuma ko da yake sakamakon yana fita daidai, na lura cewa kwamfutar tana ci gaba da bin fayil ɗin har ƙarshensa, alhali kuwa tunda bayanan a jere suke, da zarar an wuce ranar babu sauran abin nema a gaba. Na sa `break` a cikin ginin jerin, sai Python ya ƙi karɓa da `SyntaxError`. Ina neman malamai su bayyana mini ko akwai hanyar da za a ce masa ya tsaya, ko kuwa dole ne in koma rubuta `for` na yau da kullum. Na gode.

Amsa ta farko, daga Birnin Kebbi

Wa alaikumus salam, Malam. Amsar a taƙaice ita ce ginin jeri ba shi da hanyar tsayawa da kansa, kuma ba mantuwa ce aka yi ba, haka aka tsara shi tun lokacin da ya shigo cikin Python 2.0 a shekarar 2000. Kalmar `if` da ke cikinsa rariya ce: duk garin da aka zuba sai ya bi ta kanta, mai laushi ya wuce, tsaki ya tsaya, amma ba ta hana a ci gaba da zubawa. Shi kuwa `break` umarni ne mai zaman kansa, ba ya bayar da wata ƙima, ginin jeri kuma ba ya karɓar komai sai furucin da ke bayar da ƙima, shi ya sa Python ya ƙi shi tun kafin ya fara gudanar da shirin.

Yana da kyau ka fara bambance tambayoyi biyu da ka haɗa a sharaɗi ɗaya. Tambayar danshi ta shafi kowane buhu shi kaɗai, domin buhu mai danshi ba ya nuna komai game da wanda ke bayansa. Tambayar kwanan wata kuwa ta shafi duk abin da ya rage a fayil ɗin, tunda buhu na farko da ya wuce iyaka yana shaida cewa na bayansa ma duk sun wuce. Ta farko aikin `if` ce, ta biyu kuma aikin `takewhile` ce, wadda ke cikin `itertools`, kundin kayan aikin da ke zuwa tare da Python, tun Python 2.3 na shekarar 2003. Ga ƙaramin misali da za ka gwada domin ka ga bambancin da idonka:

`awo = [12, 13, 17, 13, 12]`

`[x for x in awo if x <= 14]` yana bayar da `[12, 13, 13, 12]`

`list(takewhile(lambda x: x <= 14, awo))` yana bayar da `[12, 13]`

Sharaɗin ɗaya ne a wurare biyun, amma na farko ya tsallake 17 ya ci gaba, na biyu kuwa da ya iske 17 ya rufe aiki, bai ko dubi sauran ba. Idan ka haɗa su a lissafinka, abin zai kasance haka:

`masu_kyau = [b for b in takewhile(lambda b: b.rana <= iyaka, buhuna) if b.danshi <= 14]`

A nan ginin jerin bai canza halinsa ba, har yanzu yana cinye duk abin da aka miƙo masa, sai dai `takewhile` ce ta daina miƙowa.

Akwai wani abu da nake ganin ya fi wannan muhimmanci, wato yadda `buhuna` ya samu tun farko. Idan ka karanta fayil ɗin gaba ɗaya da `readlines()` ko `list(csv.DictReader(f))` kafin ka zo wannan layi, to aikin da ya fi cin lokaci an riga an yi shi, kuma tsayawa da wuri ba za ta rage maka komai ba sai ɗan kwatancen da ya rage. Amfanin tsayawa yana fitowa ne idan ka bar `csv.DictReader` yana miƙo layuka ɗaya bayan ɗaya, ka kuma juya kowane layi zuwa buhu ta hanyar janareta, wato irin rubutun ginin jeri amma da baka mai lanƙwasa maimakon mai kusurwa, wanda ya shigo a Python 2.4 a shekarar 2004. Janareta ba ya taɓa layi sai an nema, saboda haka idan `takewhile` ta tsaya, karatun fayil ɗin ma ya tsaya.

Amsa ta biyu, daga Gusau

Bayanin da Malam ya yi daga Birnin Kebbi daidai ne ta fuskar Python, amma ni da a ce kuɗin manoma ne ke rataye a kan rahoton, zan yi jinkiri kafin in ɗauki `takewhile`. Dalili kuwa shi ne ita ba ta san cewa bayananka a jere suke ba, kai ne ka ba ta wannan tabbaci, kuma duk wanda ya taɓa riƙe littafin awo ya san yadda ake samun takardar da ta kwana a aljihun magatakarda sai bayan kwana biyu a shigar da ita, ko a buga wata na gaba bisa kuskure a layi guda. Idan layi ɗaya mai kwanan watan da ya wuce iyaka ya faɗo a tsakiyar fayil, `takewhile` za ta tsaya a kansa, duk buhunan da ke bayansa su ɓace daga rahoton, kuma Python ba zai nuna wani kuskure ba domin a ganinsa ya yi abin da aka ce ya yi. Shi kuwa `if` ɗin da kake ƙorafi a kansa, duk da jan ƙafarsa, ba zai bar buhun kowa a baya ba. Fayil mai layuka dubu goma ko ashirin kwamfuta mai matsakaicin ƙarfi tana gama shi cikin ƙanƙanin lokaci, don haka ka auna da `time.perf_counter()` tukuna ka ga ko abin da za ka samu ya kai haɗarin da za ka ɗauka.

Ka kuma duba yadda aka rubuta kwanan watan. Mu a nan rana muke fara rubutawa, sannan wata, sannan shekara, kuma idan ka bar su a matsayin rubutu, Python harafi da harafi yake kwatantawa, ta yadda `"10/04/2024"` zai zo kafin `"9/04/2024"` saboda 1 ya gabaci 9. Sai ka juya su da `datetime.strptime(rubutu, "%d/%m/%Y")` kafin kowane kwatance, ko kuma a riƙa rubuta su da shekara a gaba kamar `2024-04-09`, wanda jerinsa na rubutu ya yi daidai da jerinsa na lokaci.

Abu na uku da ba a cika faɗa ba shi ne `takewhile` tana haɗiye abin da ta tsaya a kansa. Gwada wannan:

`it = iter([12, 13, 17, 13])`

`list(takewhile(lambda x: x <= 14, it))` zai ba ka `[12, 13]`, amma idan ka biyo da `next(it)` za ka samu 13, ba 17 ba, domin sai da ta ciro 17 kafin ta gane cewa bai cika sharaɗi ba, kuma ba ta da hanyar mayar da shi. Wanda ya ce zai raba fayil mako-mako ta hanyar kiran `takewhile` sau da yawa a kan fayil ɗaya, to buhun farko na kowane sabon mako zai salwanta. Wannan aikin na `groupby` ne, wadda ita ma ke cikin `itertools`, da mabuɗi irin `b.rana.isocalendar()[:2]` wanda ke haɗa shekara da lambar mako.

Shawarata, idan har tsayawar ake so, ita ce a rubuta `for` na yau da kullum, domin a cikinsa ne za ka iya riƙe ranar buhun da ya gabata, ka sa shirin ya yi ƙara da `ValueError` idan ya ga rana ta koma baya, sannan ka yi `break` ɗinka. Layuka shida ko bakwai ne, kuma wanda zai gaje ka a wannan lissafi zai karanta su ba tare da ya nemi mai fassara ba.

Mai tambaya

Allah ya saka da alheri, malamai. Na duba, `list(csv.DictReader(f))` ne a saman shirin, kuma maganar takardun da ke makara gaskiya ce, musamman na wuraren awo da ke cikin fadama inda sai an dawo gari ake shigarwa. Sai dai akwai wani aiki na daban da tsarin kwanan wata bai shafe shi ba: wani lokaci mai saye yakan ce buhu 50 masu kyau yake so, na farkon da suka shigo, kuma abin da nake yi shi ne in gina jerin gaba ɗaya sannan in yanke da `[:50]`. Na kuma ga wani ya rubuta ɗan aikin da ke jefa `StopIteration` a cikin sharaɗin `if` domin ya tilasta tsayawa. Shin wannan dabara abin dogaro ce?

Amsa ta uku, daga Kaura Namoda

Ɗan'uwa, ka rabu da wannan dabara, zamaninta ya wuce. A cikin ginin jeri mai baka mai kusurwa ba ta taɓa aiki ba, domin kuskuren yana fita ne ya bar jerin da ake ginawa ya tafi a banza. A cikin janareta ne ta kasance tana aiki a da, saboda `list()` yakan ɗauki `StopIteration` a matsayin alamar cewa kaya sun ƙare, amma wannan hali yana ɓoye kurakurai na gaske, inda shiri zai yanke aiki shiru ba wanda ya sani. Shi ya sa takardar shawara ta PEP 479 ta canza shi, kuma tun Python 3.7 na shekarar 2018 duk `StopIteration` da ya kuɓuce a cikin janareta ana juya shi zuwa `RuntimeError`. Rubutun da ka gani mai yiwuwa ya girmi wannan canji.

Ba kai ne na farko da ya so wannan abu ba. A shekarar 2009 an gabatar da PEP 3142 wadda ta nemi a yarda a rubuta `while` a cikin janareta kamar yadda ake rubuta `if`, kuma ba a amince da ita ba. A nawa ganin hukuncin ya dace, domin kyawun ginin jeri shi ne kana iya warware shi zuwa `for` da `if` masu shiga cikin juna ba tare da ma'ana ta canza ba, ita kuwa `while` da aka nema ba ta da irin wannan fassara kai tsaye, kuma idan `for` biyu ne a layin sai an tsaya tambayar wanne daga cikinsu za ta tsayar.

Game da buhu 50, wannan tsayawa ce ta ƙidaya, kuma `islice` ta cikin `itertools` ce mai ita:

`list(islice((b for b in buhuna if b.danshi <= 14), 50))`

Ka lura da bakan da ke ciki, mai lanƙwasa ne. Janareta yana tacewa, `islice` tana ƙirgawa, da ta cika 50 sai ta daina nema, kuma a nan gargaɗin Malam na Gusau game da layin da ya ɓata jeri bai shafe ka ba sai ta fuska ɗaya, wato "na farko" yana nufin na farko a fayil, ba lallai na farko a kan sikeli ba. Idan buhu ɗaya tak kake nema, misali na farkon da danshinsa ya haura iyaka, `next((b for b in buhuna if b.danshi > 14), None)` ya isa, kuma `None` ɗin shi ne abin da zai dawo idan babu ko ɗaya. Haka `any()` da `all()` suke tsayawa da zarar amsa ta tabbata, amma da sharaɗin janareta ka ba su, domin wanda ya rubuta `any([...])` da baka mai kusurwa ya riga ya gina jerin duka kafin `any` ta fara dubawa.

Ga batun kwanan wata kuma, tunda ka tabbatar cewa akwai takardun da ke makara kuma fayil ɗin yana shiga ƙwaƙwalwar kwamfutarka ba tare da wahala ba, ka jera shi da kanka da `buhuna.sort(key=lambda b: b.rana)` sau ɗaya bayan karantawa, sannan ka nemo wurin yankewa da `bisect_right(buhuna, iyaka, key=lambda b: b.rana)`. Wannan yana raba jerin biyu-biyu ne har ya iske wurin, ta yadda ko layi miliyan ɗaya ne kwatance kusan 20 ya ishe shi, kuma yana da amfani sosai idan rahotanni da yawa za ka fitar daga karatu ɗaya. Sai dai ka duba sigar Python ɗinka da `python --version` kafin ka gwada, domin `key` bai shigo cikin `bisect` ba sai a Python 3.10 na shekarar 2021, kuma a tsohuwar siga sai ka fara fitar da jerin ranakun daban ka yi binciken a kansa.