Birai sun hana mu sakat a Yankari, a taimaka da shawara

Salamu alaikum jama'a. Don Allah masu zuwa Yankari da iyali ku taimaka min. Saboda rage kashe kuɗi ni da maiɗakina da yara da tantinmu muke tafiya, abinci ma daga gida, shinkafa da miya, dambun nama, burodi, mu sauka ta wajen Wikki kusa da inda ake gangarawa ruwan ɗumin nan. Matsalar birai ce wallahi, manyan nan masu dogon baki, ko tsoron mutum ba sa yi.

Na sa abinci a kula na ɗaure murfin da igiya, suka ja ta har gindin bishiya suka kwance. Na ajiye cikin tanti suka yaga ragar ƙofa, ranar sauro bai bar yara sun yi barci ba. Na kulle a but ɗin mota kuma zafi ya sa miyar ta yi tsami kafin la'asar, ƙanƙarar da muka saya a Bauchi duk ta narke. 'Yar autata ma sun fizge mata leda a hannu tana ta kuka.

Wane irin mazubi mai sauƙin kuɗi kuke amfani da shi wanda biri ba zai iya buɗewa ba kuma abinci ba zai lalace a ciki ba?