Neman shawara: yaushe ake soke harafi a lissafin kaso na aljabara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina shirin jarrabawa, kuma akwai wurin da ya shige mini duhu a aljabara, wato sauƙaƙa lissafin kaso, mai lamba a sama da lamba a ƙasa. An ba mu (x² − 9)/(x² + 5x + 6) aka ce mu sauƙaƙa. Da na ga x² a sama, ga shi kuma a ƙasa, sai na soke su, na samu −9/(5x + 6). Malaminmu ya ja mini jan biro a kai, ya rubuta (x − 3)/(x + 2). Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a (6x)/(3x) mun soke x muka samu 2, aka ce daidai ne. Don Allah mene ne bambancinsu?

Wani malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ba kai kaɗai ba ne, kusan kowane ɗalibi sai ya yi tuntuɓe a nan. Ƙa'idar ita ce, abin da aka ninka shi ake sokewa, ba abin da aka tara ko aka ɗebe ba, domin sokewa ba komai ba ce illa raba sama da ƙasa gaba ɗaya da abu guda. A (6x)/(3x), 6 sau x ne a sama, 3 sau x a ƙasa, saboda haka rabawar ta shafi kowane ɓangare dungurungum. Ajiye haruffa tukuna ka duba (2 + 8)/(2 + 3). Amsarsa 10/5 ce, wato 2, amma idan ka soke 2 ɗin da ke sama da wanda ke ƙasa, 8/3 za ka samu, kuma kowa ya san ba ɗaya ba ne.

Saboda haka kafin ka soke komai, mayar da sama da ƙasa su zama ninki. Tunda 9 shi ne 3 sau 3, x² − 9 zai zama (x − 3)(x + 3). A ƙasa kuwa, nemi lambobi biyu waɗanda idan an ninka su za su ba da 6, idan an tara su kuma su ba da 5, wato 2 da 3, sai ka samu (x + 2)(x + 3). Yanzu (x + 3) ya fito fili a sama da ƙasa, ka soke shi da bakansa gaba ɗaya, amsar malaminka ta rage.

Wata malama:
Bayanin Malam ya wadatar, sai dai in ƙara maka dabarar da za ka riƙa kama kanka da ita tun kafin a kama ka. Zaɓi wata lamba ka sa a gurbin x. Idan x ya zama 1, tambayar asali za ta ba da −8/12, wato −2/3, amsar malaminka ma −2/3, taka kuwa −9/11. Amma ka guji gwadawa da sifiri, domin a wannan tambayar duka ukun −3/2 za su ba ka, sai ka ɗauka kana kan hanya alhali ka kauce.

Wani ɗan'uwa:
Akwai abin da masu duba takarda kan so su gani, ɗalibai kuma suna yawan mantawa: ba a raba lamba da sifiri. Ƙasan tambayar yana zama sifiri idan x ya zama −2 ko −3, don haka ka rubuta a gefen amsarka cewa x ba zai zama ɗayansu ba. Soke (x + 3) da aka yi bai ɗauke wannan sharaɗi ba.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. To, (x − 4)/(4 − x) fa? Na ga kamar babu abin sokewa.

Malamin lissafi:
Akwai, ɓuya ya yi. Fitar da alamar ɗebewa daga ƙasa, 4 − x ya koma −(x − 4), ka soke bakan biyu, −1 ya rage, muddin x ba 4 ba ne. Gwada da 6 ka gani: 2 a sama, −2 a ƙasa.